Gonar Gwaji Mai Dami Tara

Akwai wata malamar gona mai suna Rifkatu, wadda aka danƙa wa gonar gwaji a bakin wani ƙauye. A lokacin wuta-wuta ta addabi ƙasar, ciyawar nan mai shanye dawa tun daga saiwa. Sai Rifkatu ta raba gonar kashi goma sha biyu, ta shuka iri dabam a kowane kashi. Shekara shida tana gwadawa. Iri goma sha ɗaya suka lalace a kan idonta, ɗaya ya tsaya. Shi ta riƙa raba wa manoma mudu-mudu.

Ana nan, sai masu gonar suka aiko wani dattijo ya duba ko aikin ya cancanci abin da ake kashewa. Da ya leƙa rumbu, ya girgiza kai.

Ya ce, “Malama, fili kamar wannan, dami tara? Zan ce musu a rufe.”

Rifkatu ta ce, “Baba, kafin ka faɗa musu, zo mu taka.”

Suka bi hanyar ƙauye. Hagu da dama dawa ta yi kai, har ta sunkuya don nauyi. Wani manomi ya hango su, ya yar da laujensa ya taho da sauri.

Ya ce, “Baba, da can buhun awo muke saya tun kafin damina. Wannan dawar Rifkatu ce, haka muke kiranta har ƙetaren kogi. Marasa kyau a gonarta suka mutu, ba a tamu ba.”

Dattijon ya dubi dawar. Sa'an nan ya ce, “Ashe ba rumbun da ya kamata na leƙa ba. A ƙara miki fili.”

Rifkatu ta koma gida tana ta murmushi, duk wanda ta gamu da shi sai ta ba shi labari.

Ma'anar misalin nan ke nan. Gonar gwaji ita ce ajinku na Lahadi da ɗakin da kuke koya wa yaranku addu'a. Irin kuwa Maganar Allah ce. Mai duba aikinku yana iya ƙirga yara biyar a kan benci ya rena. Kada ku ji kunya, 'yan'uwa, ku yi taƙama cikin Ubangiji. Yaron da kuka koya wa gaskiya yau, gobe gidansa da garinsa za su ci amfaninta, Allah kuwa ya san hannun da ya shuka.