Mai Rake da Rafin da Ya Datse

Akwai wani mutum da aka ba shi riƙon wani kwari mai albarka. Mai kwarin zai yi tafiya zuwa ƙasa mai nisa, sai ya kira shi, ya zaga da shi ko'ina. Ya nuna masa fadamar, da itatuwan ɗorawa da na tsamiya da suka rufe gangaren, da rafin da yake fitowa daga gindin dutse. Rafin nan yakan ratsa gonar, sa'an nan ya gangara zuwa wani ɗan ƙauye na masu noman albasa.

Mai kwarin ya ce masa, "Ka noma abin da ka ga dama, ka ci, ka sayar. Abu ɗaya nake nema a gare ka. Kowace shekara bayan kaka zan aiko manzo. Ka faɗa masa abin da ƙasar nan ta ba ka, ka kuma faɗa masa halin da ka bar ta a ciki, ita da ruwanta da mutanen da suke sha a ƙasa da kai. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Mutumin ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe."

Ya dasa rake, raken kuwa ya yi kyau. Ya kafa wurin matsa da manyan tukwane, yana dafa mazarƙwaila, har fatake suka san hanyar gidansa. Yana da wani aboki a ƙauyen, wanda suka tashi tare tun suna yara. Kullum da yamma abokin yakan biyo bakin rafi ya hau zuwa wurinsa, su zauna a kan tabarma ɗaya, su ci tuwo a kwano ɗaya, su yi ta hira har rana ta faɗi.

Amma rake yana da shan ruwa, tukwane kuma suna da cin itace. Da mutumin ya faɗaɗa gonar, sai ya tara duwatsu da ƙasa ya datse rafin, ya bar 'yar ƙaramar kafa kawai. Ya sa gatari a itatuwan da suke can bayan gona, inda baƙo ba ya zuwa. Na bakin ƙofa kuwa bai taɓa su ba, har ban ruwa yake yi musu.

Da manzo ya zo, sai mutumin ya shimfiɗa masa tabarma a inuwar tsamiyar ƙofar gida, ya kawo masa ruwa mai sanyi da mazarƙwaila. Ya ce, "Ka gaya wa maigida komai lafiya. Ga itatuwa, ka gani da idonka. Ga ruwa, ka sha da bakinka." Manzon ya duba hagu, ya duba dama, ya ga ganye kore shar. Inuwar ta yi masa daɗi, bai ko tashi ya zaga baya ba. Ya koma da labari mai kyau.

Wata rana abokin nan ya zo, bai sa hannu a kwano ba. Ya ce, "Aboki, albasarmu ta ƙone. Matanmu suna tonon yashi kafin su cika tulu. Ka buɗe mana ko kaɗan ne."

Mutumin ya ce, "Ruwan sama ne ya yi ƙaranci bana. Ka ci abinci."

Abokin ya ce, "To, in manzo ya zo, ka bar ni in gan shi."

Daga ranar mutumin ya fara tsoron abokinsa. Ya gina katanga mai tsawo tsakaninsa da ƙauyen, ya sa mata ƙofa. Duk lokacin da manzo zai zo, sai a kulle ta.

Shekaru suka yi ta wucewa, labari ɗaya yake aikawa. Mutanen ƙauyen suka fara tashi gida-gida. Matarsa 'yar ƙauyen ce, da iyayenta suka ɗaure kaya ta ce za ta raka su, ba ta kuwa komo ba. Masu yi masa aiki su ma suka bi danginsu. Abokinsa ne ya rage a ƙarshe. Ya zo ya buga ƙofar katanga don ya yi bankwana, mutumin yana ciki yana ji, amma ya ɗauka maganar ruwa ce za a sake yi masa, bai buɗe ba.

Haka ya zama shi kaɗai a kwarin. Yakan dafa abinci ya zuba a babban kwano kamar yadda ya saba, ya ci kaɗan, sauran ya kwana. In rana ta yi sanyi, yakan kasa kunne ko zai ji ana daka a ƙauye, ko kukan jariri, ko wani yana kiran awaki. Ba ya jin komai sai ganyen rake yana kaɗawa.

Ana nan sai mai kwarin ya dawo da kansa, bai aiko an faɗa ba. Bai biyo ta hanyar fatake ba, ta ƙasa ya biyo, yana tafiya a cikin busasshen rafin. Ya ratsa kufai, ya wuce kututturan itatuwa, har ya iso ƙofar katangar ya buga. Mutumin ya buɗe, sai ya ga maigidansa ne.

Mai kwarin ya ce, "Na yi sallama ƙofa-ƙofa a ƙauye, ba wanda ya amsa. Ina mutanen?"

Ya ce, "Sun tashi, ranka ya daɗe."

"Me ya tashe su?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

Sai mai kwarin ya ce, "Akwai wani idon ruwa a bayan dutsen can, ubana ya rufe shi da falalen dutse domin ranar bukata. Da ka aiko mini tun shekarar da ruwa ya fara raguwa, da na faɗa maka inda yake. Da ya ishe ka, ya ishe su. Amma kullum sai ka aiko cewa lafiya. Wa yake kai wa mai lafiya magani?"

Mutumin ya faɗi ƙasa yana kuka, yana jiran a kore shi. Mai kwarin kuwa ya ɗaga shi ya ce, "Ba zan kore ka ba. Ka fasa madatsar nan da hannunka, ka rushe katangar, ka dasa itace a duk inda ka sare. Sa'an nan ka je ka nemi waɗanda ka cuta."

Mutumin ya yi duk abin da aka umarce shi. Ya yi ta cigiya har ya sami abokinsa a wani gari mai nisa, ya tsufa, yana zaune a ƙofar wata 'yar bukka. Ya durƙusa ya ce, "Ruwa ya dawo. Ka yafe mini, ka zo mu koma gida."

Abokin ya dube shi. Ya ce, "Na yafe maka, Allah ma ya yafe mana duka. Amma a nan na binne matata, a nan 'ya'yana suka yi gona. Na tsufa da sake tashi."

Ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi bakin hanya. Mutumin ya koma kwarin shi kaɗai. Rafin yana gudu kamar dā, yana wucewa ta ƙofofin gidajen da ba kowa a ciki.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai kwarin nan Ubangiji Allah ne. Ƙasa tasa ce, ruwa nasa ne, mutane kuma nasa ne. Mu masu riƙo ne kawai, kowa kuwa zai ba da labarin abin da aka damƙa masa.

'Yan'uwa, kada wani ya ce maganar ta manyan kamfanoni ce kaɗai. Gaskiya ne ta shafe su. A cikinmu akwai masu aiki a ofisoshi inda ake rubuta rahoton ƙarshen shekara, a sa hoton itatuwan da aka dasa a bakin ƙofa, a yi shiru a kan baƙin ruwan da yake fita ta bayan masana'anta zuwa unguwar talakawa. In kai ne mai rubutawa, ka sani Allah yana karanta abin da ka tsallake. In kuma kai ne jami'in da hukuma ta aika dubawa, kada kujera da lemo mai sanyi su zaunar da kai. Tashi ka zaga baya, gama domin haka aka aike ka.

Amma ta shafi mai injin niƙa da yake hana maƙwabta hutawa. Ta shafi mai rini da ruwan rininsa yake kwarara kusa da rijiyar mutane, da mai yin bulo da ya kwashe yashin bakin kogi har gonar wani ta zaizaye. Dokar da ta ce ka faɗi abin da sana'arka take yi wa ƙasa da mutane ba maƙiyiyarka ba ce. Allah ma ba don bai sani ba yake tambayarmu. Yana tambaya ne domin yana da taimako a ajiye, sai dai ba ya tilasta shi a kan wanda ya nace cewa ba shi da damuwa.

Ku lura kuma da abin da ƙarya ta yi wa mutumin nan. Ba ta talauta shi ba, raba shi ta yi da mutane. Wanda yake ɓoye ɓarna dole ya ji tsoron duk wanda ya san gaskiya, waɗanda suka san gaskiyar kuwa su ne na kusa da shi. Akwai gafara wurin Yesu Almasihu ga duk wanda ya tuba, ko da a makare ne. Amma gafara ba kullum take dawo da abin da ya riga ya wuce ba.

Saboda haka, gobe Litinin, kafin ka buɗe wurin sana'arka, ka je wurin wanda yake zaune a bayanka. Ka gaishe shi, ka tambaye shi ko aikinka yana cutarsa, ka tsaya ka ji amsarsa har ƙarshe. In ya yi maka ƙorafi, kada ranka ya ɓaci. Ka gode wa Allah, domin har yanzu yana nan, har yanzu kuma yana yi maka magana.