Mai Gwada Harsashi a Jikin Jakuna

An yi wani mutum a Jidda, haifaffen unguwar Ruwais, jikan mahajjatan da suka zo daga Najeriya a ƙafa suka zauna. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu yana da rai. Aikin ƙarfe yake yi a wata warsha, wato maƙera ta zamani, a Madinar Masana'antu, kuma Allah ya ba shi hannu.

Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardar zama, wani attajiri mai suna Hamad, yana da babbar bindiga da yake tafiya da ita ƙasashen Afirka farautar ɓauna. Harsashinta wuyar samu gare shi. Sai ya riƙa tara kwanson da ya harba yana kawo wa mutumin nan ya sake cika masa.

Ya 'yan uwa, da farko babu laifi, sana'a ce. Yana auna albarushi kamar mai auna zinariya. Burinsa kowane harsashi ya zama daidai da ɗan'uwansa, inda na farko ya shiga nan na biyu zai bi. Ranar hutu yakan ɗauki bindigar ya fita bayan gari ta kudu, ya gwada a jikin katako da buhun yashi.

Sai Shaiɗan ya raɗa masa: katako ai ba nama ba ne, ta yaya za ka san aikin harsashinka?

A wannan dajin akwai jakunan da masu su suka sake tun da motocin ruwa suka karɓe musu aiki. Ba sa gudun mutum. Ya saita ɗaya ya harba. Jakin ya faɗi yana shure-shure, shi kuwa ya durƙusa yana duba inda dalma ta shiga da inda ta fita. Bai ƙarasa shi ba. Ya tafi ya bar shi cikin rana.

Daga ranar bai ƙara ɗaukar katako ba.

Matarsa Mastura ta ga jini a ƙafar wandonsa. Da ya gaya mata, sai ta ce, "Haram alaik, Abu Othman! Me suka yi maka? Ba ci za ka yi ba, ba ɓarna suka yi maka ba."

Ya ce, "Halas, ya isa haka, jaki ne fa. Wa zai tambaye ni?"

Wa zai tambaye ka? Wanda ya halicci jakin! Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a mai da mai rai abin koyon harbi. Mutumin nan ya sani, ya ji a masallaci. Amma zuciya idan ta saba da ganin azaba, sai ta bushe. Har ya fara cewa harsashinsa ba ya kuskure, ba ya ko sa in sha Allah. Yana ƙara ƙarfin albarushi, don yana so dalma ta ratsa ƙashi ta wuce.

Wata Juma'a da hantsi, mutane na shirin masallaci, shi ya kama hanyar daji. Ya sami wata jaka tsaye a inuwar ƙaya. Ya kwantar da kunci a kan bindiga, ya ja kunama.

Bindigar ta fashe a fuskarsa.

Hannun damansa ya tafi. Idanunsa biyu suka tafi. Ya kwanta a yashi yana kiran sunan Allah da sunan uwarsa, ƙishirwa na cin sa, babu mai ji. Sai bayan la'asar wani direban motar ruwa ya tsince shi.

Kuna tsammani nan ta tsaya? Yana kwance a asibiti hukuma ta zo tambayar takardar bindiga. Ba sunansa ne a kai ba. Aka kira Hamad, ya ce, "Wallahi gyara na ba shi. Ban san yana fita da ita ba." Daga asibiti sai gidan yari. Aka soke iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar. Da ya gama zama aka sa shi a jirgi zuwa Najeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Mastura da ɗansu Othman suna Ruwais gidan iyayenta. Shi kuwa yana wani ƙauye, zaure ne ɗakinsa, a gidan dangin kakansa da ba su san shi ba sai a labari. Idan ya yi magana Larabci ke riga Hausarsa fita, sai an sake tambayarsa me ya ce. Wanda ya ziyarce shi ya gaya mini cewa idan jaki ya yi kuka a bayan gida, sai ya toshe kunne ɗaya da hannun da ya rage masa, ya manna ɗayan da bango.

Ya 'yan uwa, kada wanda ya raina zalunci don wanda aka zalunta ba shi da bakin kai ƙara. Gwaninta amana ce, ba izinin cutarwa ba. Wanda ba ya jin ƙan halitta, da wane ido zai nemi jin ƙan Mahalicci?

Allah ya karɓi tubansa idan ya tuba. Allah ya tausasa zukatanmu, ya kiyaye mu daga zaluntar mai magana da marar magana. Amin.