Tambarin Aji da Saƙon Usaini

Akwai wani malamin sakandare a Gumel mai suna Usaini, irin mutanen nan da bakinsu bai iya cewa a'a ba. Da 'yan ajinsu na jami'a suka shirya haɗuwar cika shekara goma da gama karatu, aka nemi 'yan sa kai. Mutane da yawa suka ɗaga hannu a guruf ɗin WhatsApp. Da aiki ya zo, Usaini kaɗai aka gani.

Shi zai nemo ɗakin taro, shi zai yi hayar kujeru, shi zai yi magana da mai abinci.

Sauran kuwa suna can suna fama da tambarin aji. Shugabansu Abdulganiyu, mai harkar fiton kaya a Maigatari, ya ce sai an sa zaki. Safara'u, wadda ke aikin jinya a Gagarawa, ta ce, "Shugaba, mu da muka sha faɗuwa jarrabawa, wane zaki? A sa kunkuru kawai." Aka yi ta dariya, aka koma musun kore da shuɗi.

Ana cikin haka ciwon mahaifiyar Usaini ya tashi a Sule Tankarkar. Ya rubuta a guruf cewa jikin Inna ya yi tsanani, zai tafi jinya, wani ya karɓi maganar ɗaki da kujeru, kuma yana neman addu'a.

Ya zauna a gefen tabarmarta yana duba waya. Ba kujerun ne suka dame shi ba. So yake mutum ɗaya ya ce masa Allah ya ba ta lafiya.

Saƙon da ya biyo baya na shugaba ne: "Jelar zakin ta yi gajarta."

Usaini ya kashe data, ya ci gaba da yi wa Inna fifita.

Ranar taro da hantsi wayarsa ta yi ƙara.

"Malam, wane irin sakaci ne wannan?" in ji Abdulganiyu. "Ga mu tsaye a rana, ɗaki a kulle, ko benci babu!"

"Shekaranjiya muka binne Inna," Usaini ya ce. Ko ɗaga murya bai yi ba, gajiya ta hana shi.

Bayan la'asar sai ga motoci a ƙofar gida. 'Yan ajin suka fito, mazan sanye da sababbin huluna, kowace da zakinta. Abdulganiyu ya durƙusa yana ta'aziyya, idonsa a ƙasa. Safara'u ta shige wajen mata tana kuka.

Kawu Manu, ƙanin marigayiyar, ya daɗe yana kallonsu. Ya matso kusa da Usaini.

"Su wane ne waɗannan masu hula iri ɗaya?"

"'Yan ajinmu ne, Kawu."

"To, madalla. Abokanka ke nan."

Usaini ya dubi zakunan da ke jikin hulunan.

"Mun dai yi karatu tare," ya ce.

Darasi: Zumunci a ƙafa yake, ba a jikin hula ba. Wanda ke ɗauke muku kaya kullum, ku riƙa tambayarsa yadda ya kwana, don shi ma yana da nasa. Ku tura wannan guruf ɗin ajinku, sannan ku kira wanda kuka daɗe ba ku ji muryarsa ba.