Moɗar Farko a Tudun Faru

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan haka, yau sai kun yanke mini hukunci.

A Tudun Faru akwai ƙungiyar ci gaban gari. Ƙaramar hukuma ta aiko musu cewa su kawo buƙata ɗaya tak, a yi musu. Manoma suka ce taki, direbobi suka ce hanya. Delu mai ƙosai kuwa ruwa take so. Ruwan kududdufi ya kashe mata yara biyu, ga ta ukun, Ladiyo, kullum cikin ciwon ciki. Sai dai a ƙofar masallaci ake taron bayan Juma'a, mata ba sa zuwa.

Inna Tasalla, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta ce ba da ita ba, ai mata ma 'yan ƙungiya ne. Ta ɗauki jaka uku, ta kwana huɗu tana bin gida gida, kowace mace ta jefa tsakuwa a jakar abin da take so. Ran taro ta zazzage su gaban maza. An sha cacar baki kam, amma aka ƙirga da su.

Taki da ruwa suka yi kunnen doki. Saura ƙuri'ar shugaba, Sarkin Noma Bagudu, wanda shi ya kawo maganar takin, gonarsa kuma ta gaji. Duk da haka ya ce, "Ruwa." Wallahi har yau akwai manoman da ba sa gaishe shi.

Aka tura Barau direba da takarda, mutumin da ya fi kowa kumfar baki a kan hanya. A sakatariyar ƙaramar hukuma wani jami'i ya ce injin haƙa rijiya ya yi nisa, amma ga motar gyaran hanya a ƙofa, Barau ya sa hannu kawai gobe a fara gyaran hanya. Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni hanyar nake so. Amma ba ni na aiko kaina ba." Sau tara yana komawa, a motar da ramuka suka gama kassarawa, kafin a zo a haƙa.

Ranar buɗe famfo aka ce Delu ta tari moɗar farko, ta ba wanda ya ceci 'yarta. Baiwar Allah ta tsaya, Ladiyo na riƙe da zanenta, ta dubi Inna Tasalla, ta dubi Sarkin Noma, ta dubi Barau, sai hawaye. Ni kaina sai da na kau da kai don tausayi.

To, ku masu bakin magana, wa za ta miƙa wa?