Afiniki da Sarauniyoyin Tururuwa

Akwai wata gwauruwa a Godogodo, wajen shekarar 1975, sunanta Afiniki. Mace ce mai taurin kai, in ta ce a'a, ko Fasto sai ya sake shiri. Mijinta Zamani ya rasu ya bar mata itatuwan lemu a bayan gida. Da su take ciyar da 'ya'yanta, in sun nuna ta kai tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ta sayar.

Itatuwan cike suke da jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida. Wata rana yayan mijinta, Bartholomew, ya zo taya ta tsinkar lemu, suka cije shi a wuya. Ran nan ya ɗaura ciyawa a doguwar sanda, ya kunna wuta, ya ƙone gidajensu kaf. Har tsayawa ya yi yana jiran godiya.

Da shekara ta zagayo, lemu ya fara zubewa tun bai nuna ba. Duk wanda ka fasa, tsutsa ce a ciki. A nan Afiniki ta gane ashe tururuwan ne ke korar ƙudajen da ke ɓata 'ya'yan.

Bartholomew ya zo ya duba, ya girgiza kai. "Matarmu, itatuwan nan sun gama aiki. Zan sare su mu shuka citta."

Ta ce, "Yaya, itace bai yi laifi ba. Masu gadinsa ka kashe. Zan dawo da su."

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Da ruwan fari ya sauka, Afiniki ta shiga kurmi tana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya. Sarauniya take nema, ƙatuwar tururuwar nan da ta zubar da fikafikanta ta kwanta ita kaɗai a kan ƙwanta. In ta samu, sai ta tsinke ganyen gaba ɗaya ta sa a ƙaramin gora, ta jefa jiƙaƙƙiyar auduga, ta ɗaure bakin da tsumma, ta rataye a inuwar rumbu. Da 'ya'yan fari suka fito, ta riƙa ɗiga musu ruwan zuma.

Da yawa sun mutu. Ranar da ta buɗe goruna ta tarar da mafi yawansu shiru, ta zauna ta yi kuka sosai, don tsoro ya kama ta. Washegari ta koma kurmi.

Kun san halin gari. Magana ta bazu cewa Afiniki ta ajiye tsafi a gora. Shugabar zumuntar matan coci, Mama Catherine, ta zo da kanta.

"'Yata, mutane suna magana. Ki zubar da abin nan, ko ki daina tsayawa cikin mawaƙa."

Afiniki ta kwance gora ɗaya ta miƙa mata. "Ga tsafin, Mama, ki duba da kyau. Uwa ce da yaranta, babu miji, kamar ni. Allah ne ya yi ta. Ba zan zubar ba."

Suka cire ta daga mawaƙa. Kowace Lahadi sai ta zauna a bencin baya ta rera da ƙarfi, har ta fi na gaba.

Tururuwan da suka rayu kuwa, ta ɗaure gorunansu a rassan lemu, ta ja igiya daga itace zuwa itace don su sami hanya. Damina ta wuce, wata ta zo. Lemu ya sake yin 'ya'ya, amma haƙurin Bartholomew ya ƙare. Da safe ya shigo da gatari.

Afiniki ta jingina bayanta da itacen da ya nufa. "Ka fara da ni, Yaya."

Ya zagaya ta ɗaya gefen, ya kai sara da dukan ƙarfinsa. Itacen ya girgiza, sai ga jajayen nan suna zubo masa a ka, a wuya, a cikin riga. Babban mutum ya yar da gatari, ya fita a guje yana tuɓe riga yana kiran sunan Yesu.

Ita ma sun cije ta, amma ko motsi ba ta yi ba. Ta sunkuya ta ɗauki lemu ɗaya da saran ya kakkaɓo, ta fasa shi da farce. Babu tsutsa ko ɗaya. Ta fasa wani, shi ma fes.

Da yamma Bartholomew ya aiko a karɓo masa gatarinsa. Afiniki ta ce, "Yana gindin itacen inda ya yar. Ya zo ya ɗauka da kansa."

A nan gatarin ya zauna har ƙotarsa ta ruɓe.

Darasi: Kafin ka ƙone abin da ke cizonka, ka bincika ko shi ne ke tsare maka abincinka. Kuma in ka tabbatar kana kan gaskiya, kada dariyar mutane ko tsegumi su sa ka zubar da abin da kake reno. Ku tura wa duk wanda ake ta cewa ya haƙura ya bari.