Kowa An Ce Masa Shi Kaɗai

Akwai wata tela a wani kamfanin ɗinka kayan makaranta, kowa Maman Biyu yake ce mata. Kekenta yana bakin taga, ita kuma mutum ce mai tafiya daga zaune. Hannu yana kan yadi, zuciya ta tsallaka teku. Tun tana budurwa take burin zuwa ƙasar waje ta koyi zanen tufafi.

Wata safiya kamfanin ya tura wa ma'aikata saƙo cewa ɓarayin intanet sun kutsa cikin kwamfutocinsa, sun kwashe sunaye, lambobin waya, tarihin aiki da asusun albashi. Aka ce kowa ya canza lambar sirrinsa, ya sanar da bankinsa. Maman Biyu ta karanta rabi, ta ce wa zai ɓata lokacinsa a kan mai ɗinkin wando, ta mayar da wayar jaka.

Bayan 'yan kwanaki wani mutum ya kira ta da murya mai sanyi. Ya faɗi cikakken sunanta da shekarar da ta fara aiki, har ya tambayi jikin mahaifiyarta da ta ɗauki hutu don jinyarta. Ya ce daga babban ofis yake, an zaɓe ta ita kaɗai zuwa kwas a ƙasar waje, amma ta yi shiru saboda 'yan hassada. Gobe da rana za a turo wata lamba a wayarta, ta karanta masa, shi ke nan.

Ranar ba ta san yadda ta iso gida ba. Tana yanka albasa tana ganin gajimare ta tagar jirgi. Tana ganin wani ɗaki mai haske, dogon tebur, yadudduka masu santsi suna zuba kamar ruwa. Mijinta ya ga tana ta yi wa silin murmushi, ya tambaya ko shi ma ya hau can ya zauna ne a riƙa kallonsa.

Washegari ta dubi Yaya Doguwa, dattijuwar da ke keken gefenta, wadda ta koya mata aikin tun ba ta iya saka zare ba. Ta ji ba za ta iya tafiya ta bar ta a duhu ba. Ta ɗauki almakashinta mai kaifi, wanda ba ta ba kowa aro, ta ajiye mata a cinya.

"Yaya, riƙe wannan. Tafiya ta kama ni."

Yaya Doguwa ta daɗe tana kallon almakashin. Sannan ta sunkuya ta jawo wata leda, a ciki ga matashin da take jingina bayanta.

"Ni ma wannan na ƙulle miki, ƙanwata. Ce mini aka yi ni kaɗai aka zaɓa."

Sai suka ɗaga kai suka dubi ɗakin. Ga mai yanka yadi ta tsaya tana kallon iska. Ga mai guga, wanda ba a taɓa jin dariyarsa ba, yana waƙa ƙasa-ƙasa.

Maman Biyu ta kashe kekenta ta miƙe, ta tambaya wa aka zaɓa. Hannaye suka fara tashi a hankali, kowa yana kallon ƙasa.

Shugabar sashe ta ce babu wani kwas, ɓarayin nan da suka kwashe bayanai ne suke kiran mutane. Nan take aka bar aiki, kowa ya kira bankinsa, ya canza lambar sirri, aka kai rahoto. Mai guga ne kawai aka makara a kansa, don tun safe ya karanta musu lambar, sun share masa asusu. Ya zauna a kan tulin yadi yana cewa har ya yi wa 'yarsa alkawarin tsaraba.

Da rana wayar Maman Biyu ta yi ƙara. Ta bar ta a kan keke har ta gaji ta yi shiru. Ta share idonta da gefen mayafi, ta ɗauki kwanon abincinta, ta je ta zauna kusa da mai guga, ta tura masa cokali.

Darasi: Wanda ya san sunanka da wurin aikinka ba lallai ne naka ba, wataƙila sato su ya yi. Idan aka ce bayananka sun fita, kada ka yi wasa, ka canza lambar sirri, ka sanar da banki, kada ka karanta wa kowa lambar da aka turo maka. Kuma duk alherin da aka ce ka ɓoye wa masoyanka, ka tsaya ka bincika. Ku tura wa abokan aikinku, ba ku san wa aka kira yau ba.