Ranar da Kurege Ya Yi Kwanci a Hanyar Birni

An yi wani kurege a gindin wata tsamiya, can bayan gari, ana ce masa Sallau. Ba shi da mugunta ko kaɗan, amma akwai son a sani. In ya ɗinka sabuwar hula, kafin azahar duk dajin ya ji labarinta.

Matarsa Hansai ba ta da hayaniya. Suna da 'ya ɗaya tak, Ladingo, wadda ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Abu ɗaya ne a ran yarinyar nan: jirgin ƙasa. Duk ranar Alhamis, in iska ta kaɗo daga wajen birni, takan jiyo kukansa siriri daga nesa, sai ta yar da abin da ke hannunta ta haye kan suri tana miƙa wuya. Ko hayaƙinsa ba ta taɓa gani ba.

Maƙwabcinsu kuwa Baba Jaki ne, mai amalanke, wanda tun da aka haife shi ba a taɓa ganin ya yi sauri ba.

Wata rana Sallau ya tarar da 'yarsa a kan surin nan, sai tausayi ya kama shi. Ya ce, "Sauko, Ladingo. Alhamis mai zuwa za mu birni. A kan wuyana za ki ga jirgi, ni da kaina zan ɗaga ki."

Wayyo murna! Ladingo ta diro, ta dinga zagaya tsamiya tana "Fuuu! Jigi-jigi-jigi!" har jiri ya kayar da ita. Ta tashi ta ci gaba.

Hansai ta zauna ta tsara tafiya. Ta ce, "Malam, tafiya da yaro ba a cika mata kaya. Mu tashi da hantsi a amalanken Baba Jaki. In mun kai rafi mu sauka mu ci ɗanwake, ta huta. A birni mu ga ganuwa, mu sha rake, sai mu wuce tasha mu kama wuri tun kafin la'asar. Sau ɗaya jirgin nan yake wucewa a mako, kuma ba ya jiran kowa."

"Shi ke nan?" in ji Sallau.

"Shi ke nan. Sai roƙo ɗaya: don Allah kada ka bi gida-gida kana sallama. Ka san mutanenmu, da sun ji an ce birni, sai saƙo."

Sallau ya miƙe tsaye, wutsiya ta tashi. "Ni? In sulale in tafi birni kamar wanda ya yi sata? Haba Hansai! A ce Sallau ya yi tafiya bai sallami maƙwabta ba?"

Ai ko rufe baki bai yi ba ya zura babbar riga ya fita. Ba zumunci ne ya fitar da shi ba, ni dai na san shi. So yake a ce masa mai zuwa birni.

Aka kuwa ce masa. Bushiya ta ce, "Sai irinku, Sallau!" ta miƙo ƙullin daddawa a kai wa innarta. Gafiya ya ce, "Birni ai gidanku ne!" ya jawo tabarmi biyu na surukinsa. Kunkuru ya yi masa kirari, sannan ya gangaro da turmi sukutum, wai a kai wa 'yarsa da ke aure a can. Duk wanda ya yabe shi, sai Sallau ya ce, "Kawo, kawo, ai ba komai."

Gidan ƙarshe na Gwaggo Zabuwa ne, wadda kowa ya san ta da son jiki. Ta fito tana dafe da baya, ta ajiye kwando a gabansa.

"Ƙwai ne goma sha biyu, ɗan nan. Kwana ashirin da shida ina kwance a kansu, bayana ya riƙe. Ka kai wa ƙawata Kaza a unguwar marina ta ƙarasa mini. Amma fa kada su sha iska, ko ta minti ɗaya."

Sallau ya dubi kwandon yana sosa ƙeya.

"Wa zan ba in ba kai ba?" in ji ta. "Duk dajin nan kai kaɗai ne mai amana."

Shi ke nan, an gama da Sallau. Ya rungumi kwando.

Ranar Alhamis da hantsi Baba Jaki ya iso, ya dubi tulin kaya, ya dubi Sallau. "Yawon buɗe ido aka ce mini, ko tashi kuke daga garin?"

"'Yan saƙonni ne kawai."

"Turmin ma ɗan saƙo ne?" in ji Hansai.

"Ke dai hau mu tafi!"

Da aka gama lodi, Hansai ta sami wuri a kan tabarmi, Ladingo ta shige cikin turmi tana ƙyalƙyala dariya. Saura Sallau da kwando. Iskar safiya tana kaɗawa, ga kuma gargaɗin Gwaggo Zabuwa. Ba yadda ya iya, ya hau kan ƙwai a hankali, ya baza babbar rigarsa fara fat ya lulluɓe su. Allah ya sa kurege ba shi da nauyi.

Tafiya ta yi daɗi, ban da ga mutum ɗaya. Ladingo ta gai da duk wanda suka wuce, har da tururuwa. Ta tambayi sunan kowace bishiya. Ta tambayi Baba Jaki ko jirgi ya fi shi gudu, ya ce, "Da ɗan kaɗan." Da suka kai rafi aka sauka a inuwa, aka buɗe kwanon ɗanwake, yarinya ta shiga ruwa iya gwiwa tana ihu.

"Baba! Sauko ka ga kifi!"

"Ina hutawa ne," in ji Sallau daga kan kwando, gumi na bin fuskarsa.

Wani biri da ke kan reshe ya leƙo, ya ƙare masa kallo, ya ce, "Sannu da kwanci, Malam. Allah ya raba lafiya."

Hansai ta kusa shaƙewa da ɗanwake.

Da azahar suka hango ganuwar birni, ja, doguwa, ta miƙe har inda ido ya tsaya. Ladingo ta miƙe cikin turmi ta saki baki. Suna shiga ƙofar gari, sai Sallau ya ji ƙyas a ƙarƙashinsa. Can kuma ƙyas, ƙyas. Sai wani abu ya tsakure shi a wutsiya.

Ya daka tsalle ya ɗaga riga. Ga 'yan zabi goma sha biyu, jiƙe-jiƙe, sun zuba masa ido. Suka buɗe baki gaba ɗaya.

"Inna! Inna!"

"Wace Innar? Ni ba innarku ba ce! Ku dubi gashin bakina!"

"Inna!"

Ladingo ta faɗa cikin turmi don dariya, ƙafafunta kawai ake gani. Baba Jaki ma sai da ya tsaya ya yi tasa, irin mai tara jama'a.

Hansai ta share hawayen dariya ta dubi rana. "Malam, lokaci na tafiya. Mayar da su kwando mu wuce tasha gaba ɗaya. In mun ga jirgi, sai a bi a raba saƙonnin a tsanake."

Shawara ce mai kyau, kuma da ya bi ta da labarin nan ya ƙare a nan. Amma Sallau ya hango kansa a tsakiyar tasha, gaban manyan birni, 'yan zabi na kiransa Inna.

"Allah ya kiyaye! In shiga taro da waɗannan? Ku yi gaba. Yanzun nan zan sauke su gidan Kaza, in jefar da sauran saƙon a hanya, in same ku."

Ladingo ta leƙo daga turmi. "Baba, kai ne fa za ka ɗaga ni."

"Na ce ina zuwa. Ki ajiye mini wuri."

Ya fito da ita, ya ɗora turmi a ka, tabarmi a hammata, daddawa a aljihu, ya kama hanya, 'yan zabi sun jeru a bayansa.

Abin da Sallau ya manta shi ne, ba a jefar da saƙo. A gidan innar Bushiya aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu. Da zai tashi aka ba shi ƙullin kuka ya kai wa Bushiya. Surukin Gafiya ya rantse sai ya sha fura. 'Yar Kunkuru kuwa, kafin ta taho daga tsakar gida zuwa zaure, inuwa ta juya.

Da ƙyar ya kai unguwar marina. Kaza ta fito ta dubi rundunarsa, ta riƙe ƙugu.

"Ƙwai aka ce za a kawo mini."

"To ai su ne, sun ɗan yi sauri."

"Ni ƙwai na sani. Waɗannan sun riga sun ga uwarsu."

"Don girman Allah, Hajiya, ki karɓa!"

"Bismilla, bar su mu gani."

Ya lallaɓa ya juya zai gudu. Taku uku ya yi, sai ga su duka a ƙafarsa suna "Inna!" Cikin turereniya ƙaraminsu ya zame, tsulum, ya faɗa ramin baba na masu rini. Na ce muku Sallau ba mugu ba ne. Bai tsaya tunani ba ya faɗa ya tsamo shi. Ya fito shuɗi tun daga hula har wutsiya, farar riga ta tafi ke nan.

A daidai lokacin ya ji kukan jirgi. Fuuuu! Ba siriri irin na kan suri ba, mai ƙarfi, har cikin ƙirji.

Su Hansai kuwa sun yi yawonsu a natse. Sun taɓa ganuwa da hannu, sun sha rake, sun isa tasha da wuri sun kama gaba. Amma da lokaci ya matso jama'a suka cika, dogaye suka sha gabansu. Ladingo ta kwance ɗankwalinta ta shimfiɗa a ƙasa kusa da ita. Duk wanda ya matso sai ta ce, "Wurin Babana ne." Tana yi tana waiwaye.

Ƙasa ta fara rawa. Yarinya ta yi ɗage, ta yi tsalle, ba ta ganin komai sai bayan mutane. Idonta ya cika da hawaye. Sai Baba Jaki ya durƙusa ya ce, "Hau nan, 'yata. Kama kunnuwana."

Ta hau, ya miƙe. Sai ga jirgi, baƙi, ƙato, yana huci, ya jawo tarago bayan tarago, fasinjoji na ɗaga hannu ta taga. Ladingo ta ƙwala ihu tana ɗaga hannu biyu, har ta manta da riƙon kunne.

Sallau ya faɗo tasha a guje, yana ɗigar da shuɗin ruwa, ƙullin kuka a hannu, 'yan zabi goma sha biyu na binsa suna kiran Inna. Abin da ya tarar, ɗan guntun hayaƙi ne can nesa. Jama'ar da ya guje wa suka juyo gaba ɗaya, dariya ta ɓarke, wasu har da zama a ƙasa.

Bai ma ji su ba. Idonsa na kan ɗankwalin da ke shimfiɗe a ƙasa, ba wanda ya taka shi.

"Ga wurinka nan, Baba," in ji Ladingo daga kan bayan Baba Jaki. "Na hana kowa tsayawa. Kada ka damu, zan ba ka labarinsa."

Ta kuwa ba shi, tun daga tasha har gindin tsamiya, kuma ko'ina a labarin sai ta ce, "Da Baba Jaki ya ɗaga ni." Duk sanda ta faɗa sai Sallau ya ji abin har cikin ransa.

Sun kusa gida, yarinya ta yi barci, 'yan zabi sun lafe a cinyarsa, sai ya ce a hankali, "Hansai, jirgin nan zai sake zuwa Alhamis mai zuwa, ko?"

"Zai zo, Malam, kuma za mu koma, mu uku kawai," in ji ta. "Sai dai ganin farko ta riga ta yi shi."

Darasin wannan labari shi ne, in ka yi wa yaro alkawarin rana, to ranar tasa ce, kada ka raba ta ga masu yabonka. Kai saƙo alheri ne, amma wanda ya kasa cewa a'a don a ce masa babba, zai ɗauki kayan kowa ya ajiye nasa. Sallau ya guji dariyar baƙin da ba su san ko sunansa ba, ya sha ta ninki biyu, ya kuma rasa abin da ya fito dominsa, wato 'yarsa a kan wuyansa lokacin da jirgi ke wucewa.